A Wuyan Wa Ran Matafiyi Ya Ke Tsakanin Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi?

Jama'a, maganarmu ta yau a kan hanya ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Ƙauran Namoda da sassafe a 'yan shekarun nan, tun ba ranar Alhamis ba da kasuwar Shinkafi ke ci, ya san tambayar da ke fara fitowa daga bakin fasinja tun kafin a yi cinikin kuɗin mota. Tambayar ita ce, hanya ta yi kyau? Direba kuwa ba ya amsawa sai ya ji labari daga ɗan'uwansa da ya riga shi fita. In aka ce an ga motsi wajen Moriki, ko an ji harbi a kan hanyar Zurmi, sai kowa ya sauke kayansa ya nemi inuwa. Mai tumatir ya zuba wa kwandonsa ido har ya ruɓe, mai mara lafiya ya yi ta addu'a, malamin makaranta kuma ya koma gida, yaransa su yini ba karatu.

To, abin da mu ke so mu tambaya shi ne, a cikin hukumomin Gwamnati duka, wace ce doka ta ɗora wa tsaron ran wannan matafiyi? In an tare mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi aka kora mutane daji, ƙofar wane ofis za a ƙwanƙwasa a ce da mai shi, kai aka ba amanar wannan hanya, yaya aka yi? Mun duba dokokin da suka kafa hukumomin sufuri na ƙasar nan, mun ga kowace da nata rabo, amma wannan rabon bai faɗa hannun kowa shi kaɗai ba. Muna ganin lokaci ya yi da za a gyara, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Yadda Magabata Suka Yi

Tsoron hanya a wannan yanki na Zamfara ba sabon abu ba ne. A cikin 1824 wani Bature ɗan yawon duniya, Kaftin Clapperton, ya biyo ta Zurmi za shi Sakkwato, bai kuwa ratsa dajin Gundumi ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa da mahaya dawaki su yi masa rakiya. A cikin 1853 Dakta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya bi wannan dajin, shi da abokan tafiyarsa suka yi yini da kwana suna tafiya ba saukewa don tsoron mahara. Watau tun wancan zamani an san inda hanya ta ke da haɗari, an kuma san wanda zai ba da rakiya.

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro su ma suna da tsarinsu. Ayari ba ya tashi sai da madugu, shi ke sa ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Sarkin da ya karɓi kuɗin fito a hannun fatake ya san ya ɗauki nauyi, don in aka washe ayari a ƙasarsa, madugu zai karkata hanya baɗi, kasuwarsa ta mutu. Da Turawa suka zo aka kafa En'e, sai nauyin ya koma kan hakimi da dagaci da 'yan doka. In aka yi fashi a gunduma, Hakimi ne zai amsa tambaya a gaban Sarki da Di'o, shi kuma ya waiwayi dagacin wurin. Ba mu ce wancan tsari ba shi da aibu ba. Dattawa sun tuna da aikin tilas na gyaran hanya, sun kuma tuna da zaluncin waɗansu 'yan doka. Abin da mu ke nunawa kawai shi ne, a lokacin kowace hanya tana da mutum mai suna wanda za a kama da laifinta.

A cikin 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuwa ya tsaya. Daga ranar garin ya zama bakin ƙofar arewacin Zamfara. Gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa, har daga ƙasar Faransi ta wancan lokaci wadda yau mu ke kira Jamhuriyar Nijar, duk a Ƙaura a ke loda su zuwa bakin teku. A cikin 1955 aka mai da sashen reluwe ya zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Shekaru da yawa ke nan jirgi ya daina zama abin dogara a wannan layi, saboda haka dukkan nauyin mutane da kaya ya koma kan kwalta. Hanyoyin kuwa ba su da yawa. Akwai wadda ta taso daga Gusau zuwa Ƙaura, tafiyar kamar awa guda a mota. Daga Ƙaura ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi ta wuce Isa da Sabon Birni, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓaure ta ɓulle Jibiya a Jihar Katsina. Wanda ya tare waɗannan biyun ya shaƙe ƙananan hukumomi uku a lokaci guda.

Hukumomin Da Mu Ke Da Su

Tsarin Mulkin ƙasa na 1999, a sashe na 14, ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa Gwamnati. Sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga ko'ina cikin Nijeriya. To, bari mu ga waɗanda aka raba wa aikin cika wannan alkawari.

Ta farko ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a cikin 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na fari, sa'an nan aka sabunta dokarta a cikin 2007. Aikinta shi ne rage haɗarin mota, da ba da lasin tuƙi da lambar mota, da hana gudun ganganci, da kawar da abin da ya toshe hanya, da kai ɗauki ga waɗanda suka yi haɗari. Aiki ne mai kyau, an kuwa ga amfaninsa. Amma jami'inta da ke tsaye bakin titi da littafin tara a hannu ba a shirya shi don ya kara da mutum talatin bisa babura ɗauke da bindigogi ba. Dokar 2007 ta yi maganar riƙe makami ga waɗanda aikinsu ke da haɗari, duk da haka a kan hanya hannu sake a ke ganinsu.

Ta biyu ita ce Hukumar Gyaran Hanyoyin Tarayya, wadda aka kafa a cikin 2002. Ita ce mai cike ramuka. Kowane direba ya san 'yan fashi sun fi son wurin da kwalta ta fashe, inda tilas mota ta rage gudu, saboda haka aikinta ya shafi tsaro ƙwarai, ko da ya ke dokarta ba ta kira shi da wannan suna ba. Ta uku 'yan sanda ne, waɗanda tsare rai da dukiya ke wuyansu a ko'ina, suna da sashen sintirin manyan hanyoyi da kuma sashen reluwe, amma yawansu bai kai ya rufe ƙauyuka da kasuwanni da hanyoyi duka ba. Ta huɗu 'yan Sibil Difens ne, waɗanda dokar 2003 ta kafa, gyaran 2007 ya ba su makami, aka damƙa musu tsaron kadarorin Gwamnati irin su bututun mai da layin dogo. Sai soja, waɗanda ba don tsaron hanya aka halicce su ba, larura ce ta jawo su, kuma tun daga 2024 aikinsu a arewa maso yamma ya koma ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa mai suna Fansan Yamma. Jihar Zamfara ita ma tana da hukumarta ta kula da zirga-zirgar ababen hawa, a farkon 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A ƙarshe akwai Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ta daga jiragen sama zuwa na ƙasa da na ruwa, ita kuwa aikinta yana farawa ne bayan abu ya riga ya auku.

Mai karatu, ka ƙirga da kanka. Hukumomi bakwai ko takwas ke nan kowace tana taɓa hanyar Shinkafi ta wani gefe, kowace kuma tana da ubangidanta dabam a Abuja ko Gusau. Mai lasin yana iya cewa fashi ba aikinsa ba ne, ya kuwa faɗi gaskiya. Mai cike rami yana iya cewa ma'aikatansa ba za su shiga wurin ba sai da rakiya. Ɗan sanda yana iya cewa wurin yana hannun soja, soja kuma su ce an tura su farautar 'yan bindiga a daji ne, ba gadin motocin haya ba. Kowa ya fita da hujjarsa, matafiyi kuwa yana can ɗaure a gindin itace ana jiran kuɗin fansa.

Abin Da Wannan Giɓi Ya Jawo

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, watau ci gaban wannan hanya tamu ta Shinkafi, suka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone. A cikin watan Agusta na 2023 aka sace matasa 8 da suka taso daga Jihar Akwa Ibom za su Sakkwato aikin yi wa ƙasa hidima, a kan babbar hanya cikin Zamfara, na ƙarshensu bai kuɓuta ba sai bayan kamar shekara guda. A cikin watan Disamba na 2024 aka ga sabon salo a kudancin jihar, inda nakiyoyin da aka binne a hanyar Ɗansadau suka tashi da motoci. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji. Waɗanda ba su shiga jarida ba, mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi sun fi mu sanin lissafinsu.

Jirgin ƙasa ma bai tsira ba. A cikin watan Oktoba na 2021 aka fasa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da nakiya, Allah ya kiyaye ba a yi asarar rai ba. Wannan gargaɗi ne a fili. Bayan wata biyar, ran 28 ga Maris 2022, aka sake tare jirgin a wajen Katari, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da mutum 60 daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai cikin Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya faɗa wa 'yan jarida cewa ya riga ya nemi a sayo na'urorin sa ido a kan layin, ba a amince masa ba. Ko wane ne ke da gaskiya a wannan jayayya, abin lura shi ne gargaɗi ya zo, wata biyar suka wuce, ba a sami ofis guda wanda ke da iko da kuɗi da hakkin ya ce jirgi ba zai tashi da dare ba sai an yi kaza da kaza.

Gwamnati ba ta zauna hannu rungume ba, wannan gaskiya ce, mu kuwa ba za mu ɓoye ta ba. A cikin Maris 2021 aka hana jiragen sama shawagi a samaniyar Zamfara. A cikin Satumba na wannan shekara aka katse layukan wayar salula a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana safarar dabbobi. A cikin Janairu 2022 Gwamnatin Tarayya ta buga a jaridarta ta doka cewa 'yan bindigan nan 'yan ta'adda ne. Sojoji da 'yan sanda da askarawa da yawa sun ba da ransu a kan waɗannan hanyoyi, Allah ya jiƙansu. Amma in an lura, yawancin matakan nan na rufewa ne da hanawa. Rufe kasuwa yana rage wa ɓarawo abinci na ɗan lokaci, yana kuma rage wa talaka har ya fi. Katse waya ya hana ɗan leƙen asirin ɓarayi kira, ya kuma hana direban da ya hango su ya gargaɗi na bayansa. Abin da a ke bukata shi ne hukumar da aikinta buɗe hanya ne da riƙe ta a buɗe.

Abin Koyi Daga Waje, Da Daga Gida

Ƙasar Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. Kafin harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya ci ran mutum kusan 3,000, kamfanonin jiragen sama ne ke ɗaukar 'yan kwangila su binciki fasinja, kowane da irin nasa. Bayan harin, cikin wata biyu da 'yan kwanaki, Majalisarsu ta yi doka ta kafa Hukumar Tsaron Sufuri guda, ta rubuta a cikin dokar cewa tsaron dukkan hanyoyin sufuri na ƙasar yana wuyanta, a cikin 2003 kuma aka mai da ita ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Amurkawa suna sukarta har gobe saboda dogon layi da yawan lalube, amma sun san wanda za su soka. Ƙasar Indiya tana da rundunar tsaron reluwe tun dokar 1957, Ingila kuma tana da 'yan sandan sufuri na musamman waɗanda aikinsu jiragen ƙasa da tasoshi ne kaɗai.

Ba ma sai mun ƙetare teku ba, tekun namu ya ishe mu misali. 'Yan shekaru kaɗan da suka wuce mashigin tekun Gini ya fi ko'ina a duniya yawan sace ma'aikatan jiragen ruwa. A cikin 2019 aka yi dokar yaƙi da fashin teku. A cikin Yuni 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani shiri na dala miliyan 195 a hannun Hukumar Kula da Sufurin Teku, inda sojan ruwa da na sama da 'yan sanda ke aiki daga ɗakin ba da umarni guda, da jirage da na'urorin da aka saya don wannan aiki kaɗai. Kafin ƙarshen 2022 fashin ya ragu ƙwarai, har masu ƙididdigar duniya suka shaida. An yi doka, an naɗa mai alhaki, an ba shi kayan aiki, aka ga sakamako. In an iya yi wa jiragen dakon mai na kamfanonin ƙetare, ba mu ga dalilin da zai hana a yi wa motar da ta ɗauko 'yan kasuwar Shinkafi ba.

Shawararmu Ga Gwamnati

Da fari, Majalisar Tarayya ta yi doka wadda za ta ambaci hukuma guda da sunanta, ta ce tsaron matafiyi a kan hanyar mota da layin dogo yana wuyanta. Ko sabuwa ce, ko kuwa ɗaya daga cikin tsofaffin aka faɗaɗa, wannan sai masana su duba. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne a rubuta hakkin a fili, yadda ba wanda zai iya zamewa.

Na biyu, a raba hanyoyin ƙasa kashi-kashi bisa ga haɗarinsu, kowane kashi mai haɗari a naɗa masa jami'i guda wanda jama'a za su san sunansa da ofishinsa. Hanyar Gusau zuwa Ƙaura, da Ƙaura zuwa Shinkafi, da Ƙaura zuwa Zurmi har Jibiya, su zama kashi guda, ofishin kuwa a Ƙauran Namoda inda suka haɗu. Duk soja da ɗan sanda da askar da aka ware don hanyar su karɓi umarnin sintiri daga wannan ofis, ko da ya ke kowa yana nan ƙarƙashin rundunarsa ta asali.

Na uku, a ba wannan jami'i ikon ya kira Hukumar Gyaran Hanyoyi ta cike wani rami a cikin ƙayyadaddun kwanaki, shi kuma ya ba ma'aikatanta rakiya. A ba shi ikon sa a sare duhuwar da ta matso bakin kwalta a wuraren kwanton ɓauna, a biya mutanen ƙauye ladan aikin, kada a koma ga aikin tilas. A ba shi ikon ya nemi kamfanonin waya su kafa turaku a inda babu sabis, a kuma tsare turakun.

Na huɗu, rakiyar ayarin motoci ta zama mai tsari. A san ranakun kasuwa, a san lokacin biyan albashi, a san ranar da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a cikin 1983, ke tafiya hutu da ranar dawowarsu. Ba sai an yi shelar lokacin tashi a rediyo ba, don kunnen ɓarawo ma yana ji. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha sun isa su isar da saƙo. Rakiyar kuma ta zama kyauta, domin talaka ya riga ya biya da harajinsa.

Na biyar, kowace shekara hukumar ta kai rahoto gaban Majalisa, a buga shi kowa ya gani: hari nawa aka kai a kowace hanya, mutum nawa aka sace, nawa aka ceto, kwana nawa hanya ta yi a rufe. In jami'i ya shekara biyu lissafinsa yana hawa, a sauke shi a sa wani.

Na shida, a tuna da layin dogo. A cikin Maris 2023 aka gyara Tsarin Mulki, jihohi suka sami ikon shiga harkar reluwe tare da Tarayya. Ana kuma gina sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a cikin Fabrairu 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya, maƙwabciyar Zurmi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin jirgi ya fara gudu a can, ko a farfaɗo da na Ƙaura, ya kamata a san mai tsaronsa.

Masu Cewa A'a

Mun san akwai masu ja da wannan shawara, hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Waɗansu za su ce hukumomi sun riga sun yi wa ƙasar nan yawa, su tuna mana da rahoton kwamitin Oronsaye na 2012 wanda ya ce a rage su, da kuma umarnin da Gwamnatin Tarayya ta bayar a cikin Fabrairu 2024 na a aiwatar da shi. Za su ce sabuwar hukuma sabon inifom ce, sabon shinge a kan hanya, sabon hannu mai karɓar na goro a wurin direba. Wannan tsoro mu ma muna da shi. Shi ya sa muka ce ba lalle sai an ƙirƙiro sabuwa ba, kuma dokar ta hana ta karɓar tara ko kafa shingen binciken takardu. A auna ta da abu guda, watau yawan motocin da suka tashi suka isa lafiya.

Waɗansu kuma za su ce ciwon yana daji, hanya alama ce kawai, in ba a gama da sansanonin 'yan bindiga da rikicin noma da kiwo da talauci ba, gadin kwalta ɓata lokaci ne. Gaskiya ne tushen yana can. Amma aikin daji zai ɗauki shekaru, mace mai naƙuda kuwa da za a kai asibitin Gusau ba za ta jira shi ba. Ban da haka, kuɗin fansar da a ke karɓa a kan hanya shi ke sayen harsashin da a ke harbawa a daji, saboda haka wanda ya tsare hanya ya rage wa daji ƙarfi.

Naku Aikin, Malamai Da Akawuna

Yanzu sai mu juyo gare ku, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, magadan ma'aikatan En'e na da. Kakanninku a wannan aiki su ne suka riƙe littafin haraji da na jangali da na kasuwa, har yau masu binciken tarihi suna buɗe su a gidan adana takardu na Kaduna suna samun ilmi. Muna roƙon kowace sakatariya, a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ta buɗe littafin hanya. A rubuta rana, da lokaci, da wurin da abin ya faru, da irin motar, da yawan mutanen da abin ya shafa, da wanda aka kira, da sa'ar da ya iso. Kada a rubuta sunan wanda ya kawo labari, don a tsare ransa. A ƙarshen kowane wata a aika da kwafi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Mai Martaba Sarki da wakilanku na majalisa. Ɗan majalisar da ya miƙe a Abuja da takarda mai kwanan wata da lissafi a hannunsa ya fi wanda ya miƙe da kuka kaɗai samun kunne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma sai ya nuna wa mai gyara.

Malamai kuma, ku sa yara su haddace lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, da ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 122. Ku faɗa musu a aji cewa mai ba ɓarayi labarin motar da ta tashi, ko da ɗan unguwarsu ne, hannunsa yana cikin jinin da aka zubar. Direbobi su riƙa rubuta sunayen fasinjojinsu a tasha kafin tashi, su daina ɗaukar na bakin hanya a wuraren da aka sani. Attajirai da shugabannin kasuwa su haɗa baki da sarakuna su kai wannan buƙata Gusau da murya ɗaya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna fata Gwamnati za ta dubi wannan magana da idon basira tun a zaman Majalisa mai zuwa. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da waɗanda ke hannun 'yan bindiga gidajensu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka, amin.